Aikin tayar da tsohuwar laftof ɗin gidanmu: ram, 32-bit da rigimar Windows 11

Asabar, 20 ga Satumba 2025

To bismillah. Zan riƙa rubuta yadda aikin nan yake tafiya, don na san a Nima da Mamobi, nan Accra, gidaje da yawa akwai irin wannan injin an jibge shi a kan wadrob ana cewa ya tsufa. Tamu ThinkPad T430 ce, samfurin 2012, homyus, wato ta hannu daga waje, Kawu ne ya sayo mana ita a Circle, inda ake kasuwar waya da kwamfuta, shekarun baya. Core i5-3320M, ram giga 4, had disk mai juyawa, Windows 10 Pro. Kowa a gidan yana da rabo a cikinta, ƙanwata tana yin asainmen ɗinta, ni ina buga wa Malam sunayen yaran makaranta da katin walimar sauka, Mma kuma duk hotunan Hajjinta suna ciki kuma ta riga ta ja mini kunne tun kafin in taɓa sukuru ɗaya.

Ciwonta shi ne in ka buɗe Chrome da shafuka kaɗan ka ƙara Word a kai shi ke nan ta sandare, fitilar had disk ta kunnu ta ƙi mutuwa, sai ka je ka sha koko ka dawo tana nan tana tunani. Ga kuma sanarwar da ke ta fitowa cewa ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft za ta daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro.

Na shiga Settings, System, About. Wurin ram an rubuta 4.00 GB amma wanda ake iya amfani da shi bai ma kai giga 3 ba. A ƙasa kuma ga abin da ya ɗaure mini kai: "32-bit operating system, x64-based processor". Wato injin kansa na 64-bit ne, amma Windows ɗin da ke kansa na 32-bit ne. Da alama wanda ya mallake ta a can waje Windows 7 na 32-bit ya yi amfani da shi, da aka haura zuwa 10 sai ya taho da halinsa, don haurawa ta cikin gida ba ta canza wannan.

Lahadi, 21 ga Satumba

Kawu ya zo gaishe da Mma bayan la'asar, na faɗa masa abin da na gani. Shi maganarsa ɗaya ce, "ɗana je ka Tip Toe Lane a Circle ka sa mata giga 32 kowa ya huta, nawa ne?" Na ce Kawu Allah ya ƙara buɗi amma ko ka cika ta da ram har ya zubo, Windows ɗin nan ba zai gani ba.

Lissafin ba wuya. Kowane bait a cikin ram yana da lambar adireshi, tsarin 32-bit kuma lambobin da zai iya ƙirgawa su ne 2 sau 2 har sau 32, wato 4,294,967,296, giga 4 ke nan cif. Kuma ba ram kaɗai ke cin waɗannan lambobin ba, bangaren hoto da sauran kayan da ke kan madabod su ma sai an yanka musu nasu daga cikin giga 4 ɗin nan, shi ya sa ba ka taɓa samun 4 ɗin a cike, wasu injina 3.2, wasu 3.5, wasu ƙasa da haka. Ita tamu ga Intel HD 4000 wanda ba shi da memori nasa na kansa, daga ram yake ɗiba. Ƙari a kan haka, a Windows na 32-bit kowane firogiram guda giga 2 ne iyakarsa a bisa al'ada.

Mma tana gefe tana tsince wake ta ce ita dai ba ta gane bambancin ram da inda hotunanta suke ba. Na ce Mma kin ga teburin telan bakin layinmu, ram shi ne teburin, had disk kuma shi ne akwatin yadin da ke can ƙuryar shago, in teburin ƙarami ne to kowane yanka sai ya naɗe wani yadin ya kai akwati ya ɗauko wani, aikin na tafiya amma rabin ranar a zirga-zirga take ƙarewa. Abin da laftof take yi ke nan lokacin da fitilar nan ta ƙi mutuwa, tana kwashe abin da ram ya kasa riƙewa tana zubawa a wani fayil da ake kira pagefile a kan had disk. Ta ce to a saya mata babban tebur mana. Na ce ai shi ne maganar.

Laraba, 24 ga Satumba

Yau bincike kawai na yi, ban kashe ko pesewa ba. Abin da na gane shi ne iyakar ram ba guda ɗaya ba ce, hawa-hawa ce, kuma wadda ta fi ƙasa ita ke mulki.

Akwai ta 32-bit, giga 4, ita ce ta shaƙe mu yanzu. Akwai ta injin kansa, T430 ramuka biyu gare ta, kowanne yana ɗaukar sanda mai giga 8, jimla 16, don haka giga 32 ɗin Kawu babu inda za a sa shi. Sai kuma ta irin Windows ɗin da ka sa, wannan ita mutane ba su cika sani ba. A zamanin Windows 7, Starter giga 2 ne iyakarsa, Home Basic na 64-bit giga 8, Home Premium 16, Professional 192. Na tuna ƙananan netbuk ɗin nan da suka cika gari a lokacin, duk Starter ne a kansu. Yanzu Windows 10 Home na 64-bit yana kaiwa giga 128, Pro kuma tera 2, wannan ba damuwar ɗan Zongo ba ce.

A Task Manager, Performance, Memory, ya nuna rami ɗaya ne cikin biyu ke da sanda. CPU-Z kuma, firogiram mai nuna kayan cikin inji, ya ce sandar DDR3 ce, PC3-12800, wato mai gudun 1600. Na ɗauki hoton sikirin ɗin a waya don kar in je kasuwa ina inda-inda.

Wani abu mara daɗi: babu hanyar tsallakawa daga 32-bit zuwa 64-bit ba tare da an goge komai an sa sabon Windows ba. Fomat dole.

Asabar, 27 ga Satumba

Na hau trotro zuwa Circle. Wanda bai taɓa shiga Tip Toe Lane ranar Asabar ba ba zai gane ba, tun kafin ka sauko daga mota ana jan rigarka, waya, caja, sikirin, swap. Na wuce ciki wurin wani Alhaji mai shagon kayan laftof da wani abokina ya kwatanta mini, yana da yaro ɗan Kumasi mai hannu sosai. Yaron ya jawo wata robar ais-kirim cike da sandunan ram an ɗaure su da roba kashi-kashi, ya zazzage a kan gilas.

A nan ne hoton da na ɗauka ya yi rana. Ram na laftof gajere ne, na destof dogo, wannan kowa zai gane da ido. Amma DDR3 da DDR4 na laftof in ba ka lura ba kamarsu ɗaya, DDR3 fil 204 gare shi, DDR4 kuma 260, kuma 'yar tsagar da ke ƙasa ba wuri ɗaya take ba, in ka matsa da ƙarfi ramin za ka fasa. Sai kuma PC3 da PC3L, na farko bolt 1.5 yake ci, mai L ɗin 1.35. Yaron ya ce mini "masta naka injin ba ya zaɓe, duka biyun yana ci, amma T440 da T450 sai mai L", kuma gaskiyarsa, haka abin yake.

Na so sanda biyu masu giga 8 iri ɗaya, aljihu ya ce a'a. Na ɗauki guda ɗaya mai 8, PC3L-12800S, za ta haɗu da tsohuwar mai 4 su zama 12. Sauran kuɗin na sa a SSD, wato madadin had disk mara juyawa mai sauri, mai giga 256, SATA, inci 2.5. Alhaji da kansa ya ce in da shi ne ko ram ɗin zai bari ya fara da SSD, na ce Alhaji ai duka biyun ciwo ne. Mun yi ciniki har sai da na miƙe kamar zan tafi sannan ya sauko, na tura masa ta MoMo. Na roƙi ya rubuta mini a bayan risit cewa in sandar ba ta yi ba zan dawo da ita cikin sati, ya yi dariya ya ce Malam ba ka yarda da mutane ba, amma ya rubuta.

Lahadi, 28 ga Satumba

Bakop. Ba abin labari, kwafe-kwafe ne kawai zuwa wani had disk na waje da na aro. Hotunan Mma na sa su wuri biyu na kuma nuna mata da idonta. Ƙanwata ta ce kar in manta da fasawod ɗin da ke cikin Chrome, ashe ita ko ɗaya ba ta haddace ba, sai da muka shiga akawun ɗinta na Google muka kunna sync.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na sayi bundil na tsakar dare don sauko da Windows 10 22H2 na 64-bit, fayil ɗin ya haura giga 5. Yana cikin tafiya aka yi laitof, batirin laftof ɗin nan kuma minti kaɗan yake riƙewa, chale na zauna cikin duhu da sauro ina kallon data ta tafi a banza. Da wuta ta dawo na sake, wannan karon a wayata na sauke sannan na tura ta kebul.

Ga wata iyakar giga 4 kuma da ban yi tsammani ba. Filash ɗina FAT32 ne, shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, ko da filash ɗin na giga 32 ne kuma babu komai a ciki. Dalilin ɗaya ne da na ram, lambar da ke riƙe girman fayil 32-bit ce. Rufus, wani ɗan firogiram na shirya filash, shi ne ya raba gardama, ka nuna masa ISO ɗin, wato fayil ɗin Windows da ka sauke, ka zaɓi GPT da UEFI shi zai shirya filash ɗin yadda ya kamata. Filash sai mai giga 8 ko fiye, kuma zai goge duk abin da ke kai.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ranar tiyata. Na cire caja, na zare batir, na danna maɓallin kunnawa na ɗan riƙe don sauran wutar ta fita. Na shimfiɗa farin ɗankwali a kan tabarma saboda sukurorin nan ƙanana ne, in ɗaya ya faɗa ƙasa sai dai a yi masa addu'a.

Abin da ya burge ni da wannan injin shi ne an yi shi don a buɗe. Rami ɗaya na ram yana ƙasa bayan wani ɗan murfi, ɗayan yana ƙarƙashin kibod. Tsohuwar sandar tana ƙarƙashin kibod ɗin, ramin ƙasa ne babu kowa, don haka ban ma taɓa kibod ba. Ana sa sandar ne a karkace, ka daidaita tsagar, ka tura har zinaren ya ɓace, sannan ka danna ta ƙasa ƙarfunan gefe biyu su ce ƙyas. Had disk kuma murfinsa a gefe yake, sukuru ɗaya, ka ja ɗan harshen roba ya fito, ka cire robobin gefe da ƙarfen ka mayar wa SSD.

Na kunna. Sikirin baƙi, sai ƙara, ɗaya, uku, uku, ɗaya. A ThinkPad wannan kukan na ram ne. Na cire sabuwar sandar injin ya tashi lafiya. Na duba zinarenta a hasken taga sai na ga ya yi duhu-duhu kamar an taɓa shi da hannun mai, na goge da kilina na fensir a hankali na hure na mayar. Ta tashi. F1 zuwa BIOS, wato saitin injin kansa kafin Windows ya hau, ga shi nan 12288 MB.

Don in gani da idona, kafin in sa SSD ɗin na bar tsohon Windows ya hau da giga 12 ɗin. Installed 12.0 GB, wanda ake amfani da shi kuma yana nan inda yake ƙasa da 3, sauran duk Task Manager ya jefa su a "hardware reserved". Na ɗauki hoto na tura wa Kawu a WhatsApp, ya turo murya yana cewa to ai kuɗinka sun tafi a banza ke nan. Na ce Kawu a jira zuwa dare.

Na sa SSD, na mayar da BIOS zuwa UEFI, F12, na zaɓi filash. Da ya tambayi lambar lasisi na danna ba ni da ita, na zaɓi Pro kamar yadda yake a da, yana shiga intanet ya kunna kansa, saboda lasisin yana manne da injin ne ba ruwansa da 32 ko 64 in dai irin Windows ɗin bai canza ba. In da Home na zaɓa da an samu matsala.

Bayan isha About ya nuna 12.0 GB, mai amfani 11 da ɗoriya.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ban yarda da sandar nan ɗari bisa ɗari ba tunda ta yi mini kuka jiya. Na sa MemTest86+, firogiram mai gwada lafiyar ram, a filash na bar shi yana zagaye tun bayan asuba har azahar. Babu ja ko ɗaya. Windows yana da nasa, ka rubuta mdsched, amma wancan ya fi tonawa. Wanda duk ya sayi ram na hannu ya yi wannan gwajin, don sanda mai ciwo ba kullum take hana inji tashi ba, wani lokaci sai dai ka ga bulun sikirin jefi-jefi ko fayil ya lalace ka rasa dalili.

Ƙanwata ta gwada ta da yamma, shafuka sun fi ashirin a Chrome, Word, PDF, YouTube yana ci a gefe. Ram ya tsaya wajen giga 6. Wannan lambar ta ba ni amsa biyu, ta farko giga 4 ba zai taɓa isarta ba ko da 64-bit ne, ta biyu kuma 16 ɗin da na so saya ba ma buƙatarsa yanzu. Ta ce Yaya kamar ba ita ba. Ni a ganina saurin tashi da buɗe abubuwa aikin SSD ne, rashin sandarewa kuma aikin ram, in mutum kuɗin ɗaya gare shi kuma yana da giga 8 to SSD, in giga 4 gare shi ya daure ya yi duka.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Yanzu babbar magana, Windows 11. Na sa PC Health Check ya duba. Ram ya wuce, giga 4 suke nema muna da 12. Wurin ajiya giga 64 suke nema muna da 256. Inda ta faɗi wuri biyu ne, TPM da furosesa. Suna son TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro ne da ke riƙe makullan sirri, namu da na duba da tpm.msc 1.2 ne. Furosesa kuma a Intel daga ƙarni na 8 suke farawa in ban da 'yan kaɗan, namu na 3 ne. Waɗannan biyun babu sandar da za ka saya a Circle ta gyara su. Kuma Windows 11 tun fitowarsa ranar 5 ga Oktoba 2021 ba shi da na 32-bit kwata-kwata, wato wanda bai yi fomat ɗin da na yi ba ko layin bai shiga ba.

Bayan masallaci mun tsaya da wani abokina da ke gyaran kwamfuta a New Town, ya ce me kake wahalar da kanka, Rufus yana da akwatin da za ka yi wa tik ya cire binciken TPM da furosesa, shi kullum yana yi wa kwastomomi. Gaskiya ne yana yi, kuma zai hau kan i5 ɗinmu, waɗanda Windows 11 na 24H2 ya rufe wa ƙofa gaba ɗaya su ne tsofaffi irin Core 2 Duo da ba su da SSE4.2. Amma Microsoft ta faɗa a fili cewa injin da bai cika sharaɗi ba ba ta ɗauki alkawarin turo masa sabuntawa ba. In tawa ce ni kaɗai zan gwada, ba komai. Wannan kuwa ta gida ce, ranar da wani abu ya tsaya ina wurin aiki ƙanwata tana da asainmen da za ta miƙa ƙarfe goma sha biyu, wayata ce za ta yi ta ruri. Na ce masa a'a tukuna.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau ce ranar. Mma ta tambaya da safe ko yau ne laftof ɗin za ta mutu, wai haka aka ce a wani guruf ɗinsu na mata. Na ce Mma ba abin da zai mutu, za ta kunnu gobe kamar yau, gyaran tsaro ne kawai zai daina zuwa, sai dai ramukan da za a gano nan gaba ba mai toshewa, kuma injin da ake shiga imel da harkar kuɗi a kai bai kamata a bar shi haka ba.

Mafitar da na ɗauka ita ce ESU, ƙarin wa'adin gyaran tsaro na masu amfani a gida, wanda a sanarwar 2025 yake kaiwa 13 ga Oktoba 2026. Sai kana kan 22H2 kuma ka shiga da akawun ɗin Microsoft. Hanya uku ce, ko dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in ka yarda ka kunna Windows Backup ya riƙa ajiye saitin ɗinka a wurinsu. Na bi ta kyauta. Sai da na gama duk sabuntawar da ke jira na sake kunna injin sannan Enroll now ya bayyana a Windows Update.

Asabar, 18 ga Oktoba

Shekara ɗaya ba ta da nisa, don haka na fara shirin gaba. Na koma wurin Alhaji na sayi kadi, wani ƙarfe ne mai siffar DVD da ake zare DVD ɗin a sa shi a wurin, sai ka ɗora had disk a ciki, na T430 mai kaurin milimita 12.7 ne. Tsohon had disk ɗin ya koma ciki. Na sake duba cewa hotunan Mma suna kan SSD da kuma na waje sannan na goge shi na sa Linux Mint 22 mai Xfce, wani tsari ne madadin Windows. Giga 2 na ram yake nema, 4 in ana son sakewa, ba ruwansa da TPM, kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029. Yanzu in ka kunna ka danna F12 ka zaɓi wanda kake so.

Wayarles, sauti, kyamara duk sun yi aiki ba tare da na nemo direba ba. Chrome yana nan. Inda nake da shakka LibreOffice ne, madadin Word ɗin da ke kan Mint, na buɗe katin walimar Malam da na yi a Word mai Larabci da Hausa da Turanci a shafi ɗaya, Larabcin ya fito daidai daga dama zuwa hagu amma font ɗin ya canza layuka suka zame, bodar ta haura shafi na biyu. Sai na kwaso font ɗin da na yi amfani da su in sa a Mint in sake gwadawa. Na ce wa ƙanwata ta yi asainmen ɗin wannan satin a can ta faɗa mini duk inda ta maƙale, ta ce in malaminsu ya ce fayil ɗin ya watse ni zan je in yi masa bayani. Firintar Malam ban gwada ba tukuna, sai gobe bayan karatun safe zan ɗauki laftof ɗin in je makarantar da kebul.